Yadda Aka Raba Mu da Shanun Huɗa

Shanun huɗa biyu gare mu a gida, ja da baƙi, kuma ni na hore su. Tun suna maruƙa mahaifinmu ya sayo su a kasuwar Ƙanƙara, ya ce in ji da su. Ni na huda musu hanci, ni na ɗora musu karkiya, na sa suka ja gungume rani guda kafin in yarda su taɓa garma. Jan yana da taurin kai, ya taɓa matse ni jikin turke har yatsata ta karye. Baƙin ba ruwansa, inda ka juya shi nan zai bi. Da su muke huɗe gonarmu kaf cikin kwana biyar idan ruwa ya sauka, sannan mu yi wa maƙwabta.

Bayan rasuwar mahaifinmu ba mu raba gida ba. Gandu ɗaya muke da yayana, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. A gandu maganar babba ita ce magana. Ƙane yana iya yi masa gardama a cikin ɗaki, amma idan babba ya furta abu a gaban mutane, to ya zauna, ba mai tayar da shi. Haka muka taso muka gani a ƙauyenmu, can yamma da Daudawa.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Mu dai ba mu ga man ba, sai labarinsa. Rediyo ta yi yawa, rufin kwano ya fara ƙyalli a garuruwan bakin titi, samari suna ajiye fartanya su tafi Kaduna haɗa siminti. Duk wanda ya dawo daga birni sai ya dawo da agogo da sabon baki. A cikin masu dawowar har da wani ɗan garinmu da ya tafi yana saurayi ya zama ɗan kamasho a tasha. Ya dawo da farar mota da haƙorin Makka, ana kiransa Alhaji. An ce kwangila yake yi. Ban san ta mece ce ba. Abin da na sani, tasha ta koya masa magana, don mutumin da ya shekara goma yana cika mota da fasinjan da ba su yi niyyar tafiya ba, ya san yadda ake juya kan mutane.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, mai gari ya sa aka yi shela a taru a ƙofarsa bayan la'asar. Muka taru ƙarƙashin cediya. Manya a tabarma, mu a ƙasa. Alhaji ya miƙe cikin shadda, sanƙiran mai gari yana gefensa, duk abin da ya faɗa sai sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita. Magana ko ta banza ce, idan ka ji ta sau biyu sai ta yi kamar mai nauyi.

Akwai wata ɗabi'a tamu. Idan babba yana magana a taro, duk inda ya numfasa sai a ce, "Haka ne." Ba yarda ba ce, ladabi ne, kamar ka ce ina jin ka. Alhaji ya san wannan sarai, kuma da ita ya ci mu.

Bai fara da abin da ya kawo shi ba. Gaisuwa ya fara, gida gida. Ya tuna wa wannan alherin mahaifinsa, ya tuna wa wancan ranar da suka saci mangwaro suna yara, aka yi dariya. Sannan ya sassauta murya.

"Jama'a, noma da wuya ko babu?"

"Haka ne."

"Akwai wanda ya kai shekara arba'in a garin nan bayansa bai ciwo?"

"Babu, Alhaji. Haka ne."

"Ɗiyanmu ba guduwa suke birni ba saboda wahala?"

"Haka ne."

Ya jero gaskiya wajen goma, duk muna amsawa. Baki ya saba. Sai ya ce, "To shanun huɗa sun gama aikinsu a duniya." Aka ce, "Haka ne." Wallahi har ni sai da bakina ya motsa.

Daga nan ya buɗe buhunsa. Zai kawo wa gari tarakta, motar noma. Masu shanun huɗa su sayar, a haɗa abin da aka samu a kawo motar, tunda shanu suna daraja yanzu, mutanen kudu sun sami kuɗi suna cin nama. Shi ya san dillalai, ba za a cuci kowa ba. Ya zura hannu cikin riga ya zaro masara guda ɗaya, ta kai tsawon damtse, ya miƙa aka riƙa zagayawa da ita hannu hannu.

"Daga gonata take, wadda tarakta ta huɗe bara. Wa ya taɓa ganin irin wagga a bayan sa?"

Ni na san gonar. Rani biyu Fulani suna mashekari a cikinta, kashin shanu har idon sawu, sannan ya zuba mata takin zamani. Ko da cokali ka huɗe ta sai ta yi masara. Kuma guda ɗaya ya kawo, wadda ya zaɓa.

Ya ce mutanen Ruwan Godiya duk sun sayar da nasu. Ya ce har Sabuwa, da muke yi wa kallon cikin daji, sun riga mu. Babu wanda ya je ya gani, hanyar Sabuwa ba a bin ta don a tabbatar da zance. Ya ce hanya biyu ce kawai, ko mu hau mota mu bi duniya, ko mu riƙe jelar sa har mu mutu. Sai ya nuna ƙetaren rafi da baki, inda Maguzawa suke da gidajensu.

"Na je wa tsohon can da maganar, ya ce shi ba ya sayarwa. To wanda ke son ya bi sahun masu burkutu, ga hanya nan."

Aka fashe da dariya. Na duba na ga masu shanu suna sunkuyar da kai, kowa yana tsoron a ce shi ne.

Ni ba mai magana ba ne. Ko a gida sai in wuni ban yi jimla goma ba. Amma na ga ana shirin raba ni da shanuna ina zaune, sai na miƙe. Yayana ya ja mini gefen riga, na fizge.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya," na ce wa mai gari. Ya ɗaga hannu. Na juya wajen Alhaji. "Ruwa rana ɗaya yake sauka a gonar kowa. Huɗa kuma kwanakinta kaɗan ne, in sun wuce ciyawa ta ci gona. Mota ɗaya ce. Gonar wa za ta fara, gonar wa za ta ƙare?"

Sanƙira bai maimaita tawa ba. Na ga wasu dattawa sun ɗago kai, tambayar ta shige su.

Alhaji ya yi murmushi har haƙorin ya fito. "Madalla da ƙanena. Ka taɓa shiga jirgin sama?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na shiga. Kakanninmu shekara suke yi a hanyar Makka bisa jaki. Ni na karya kumallo a Kano, na yi la'asar a Jidda. Jirgi ɗaya, mutum ɗaruruwa. Da kai ne sai ka tsaya kana tambaya, kujerar wa za ta fara isa?"

Dariya ta ɓarke, har da masu buga cinya. Ban san yadda zan ce musu jirgi yana ɗaukar kowa lokaci ɗaya ba, tarakta kuwa gona ɗaya take shiga ta fito. A raina na san bambancin, amma kafin in haɗa kalmomin dariya ta tafi da wurin.

Na sake cewa, "Masarar nan, Fulani ne suka yi mashekari a gonar."

"Wato ƙarya nike?" Ya dafa ƙirji. "Jama'a kun ji. Ni da na taɓa ɗakin Allah da hannun nan, ƙarya nike. Kuma mai gari da ya tara ku bai yi tunani ba, dattawan nan ba su yi ba, sai mai wanke wa sa gindi."

"Ban ce haka ba."

"To mi ka ce?"

Nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Jini ya hau mini kai. Na bar maganar ruwa da huɗa, wadda ita ce gaskiyata, na koma kansa. Na ce shi ɗan tasha ne, ɗan kamasho, bai san ta inda ake riƙe garma ba. Na ce mahaifinsa ya mutu ko jaki bai mallaka ba, shi ne zai zo ya koya mana shanu.

Abin da yake jira ke nan. Bai yi fushi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki gefen rawani ya share ido, ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙan Baba. Talaka ne, gaskiya ka faɗa. Na yafe maka." Sanƙira ya maimaita wannan da ƙarfi, har da rawar murya.

Shi ke nan. Aka taso mini ta ko'ina. Mara kunya, mai zagin matacce, wa ya haife shi. Dattawan da suka ɗago kai ɗazu su ne suka fi kowa zagina. Babu wanda ya ƙara tuna tambayata. Yayana ya miƙe, ya je ya durƙusa gaban mai gari.

"Ranka ya daɗe, a yi mana aikin gafara, yaro ne. Alhaji, ka yi haƙuri. Don a san ba da yawuna ya yi ba, shanun gidanmu su za a fara kai wa kasuwa."

Ya faɗa a gaban mutane. Magana ta zauna.

Ranar kasuwa na ce wa yayana ba ni kai shanun. Ya kama igiya da kansa, jan ya kafe ƙafa a ƙofar gida, ya ƙi motsi. Aka taru ana dukansa da sanda. Ban iya kallo ba, na karɓi igiyar, na yi masa fito, ya biyo ni. Ni na kai su Ƙanƙara da ƙafata. A kara na tarar da shanun garinmu a jere, duk na san su, na san gonakin da suka huɗe. Dillalan da suka saye su mutum uku ne, kuma a rumfarsu na hango Alhaji zaune ya cire hula yana cin tsire, yana nuna wa yaran mota wanda za a fara lodawa. San huɗa ya sha dusa da harawa da kanwa, ya fi na kiwo nama. Sai a lokacin na gane kwangilar da yake yi. Aka ɗaure shanun ƙaho da ƙaho a babbar mota, aka nufi kudu. Na dawo gida da igiya a kafaɗa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, tarakta ta zo. Sai dai ruwa ya riga ta da kwana goma. Ranar da ta shigo mata suka yi guɗa, aka bi ta a guje har bakin gona. Ta fara da gonar mai gari, ta koma ta Alhaji, ta shiga ta surukansa. Direban baƙo ne, ba ya tashi sai rana ta yi sama, kuma ba ya aiki sai an yanka masa kaza. Rana ta huɗu mai ya ƙare, aka tafi Funtua nema, kwana biyu. Mutane suna tsaye a bakin gonakinsu tun asuba suna sauraren ƙararta, ciyawa tana tashi a gabansu.

Ƙasarmu ƙasar itatuwa ce. Iyayenmu da suka sare daji ba su tumɓuke kututture ba, tsakaninsu muke noma. Sa ya san kututture, yana isa zai kauce da kansa, ko ka ɗaga garma ka wuce. Mota ba ta sani ba. A gona ta bakwai ta daki wani kututturen kirya da ke ɓoye a ƙasa, wani ƙarfe ya karye a bayanta. Aka ce sai Kaduna ake samunsa. Aka tura ta ƙarƙashin cediyar ƙofar mai gari, nan ta ƙare damina, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Muka koma garmar hannu, ni da yayana, a gonar da aka faɗaɗa don ƙarfin shanu. Mutum biyu ba su iya mata. Hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Da na ga dawa za ta wuce lokaci, na ƙetare rafi na je wurin tsohon Bamagujen nan. Na same shi yana ba shanunsa dusa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, shanu na zo aro."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne wanda ya zagi mai haƙorin zinari?"

"Ni ne."

"An ce ka yi tambaya mai kyau, sannan ka zuba mata ƙasa da kanka." Ya yi dariya har da tari. "Ni ma ya zo mini. Na ce masa ya kawo motar ta yi shekara biyu ina gani, sannan mu yi magana. Ya ce ba ni da ilimi. Na ce ƙwarai, shi ya sa nike son in gani da ido."

"Za ka ba ni ko ba ka ba ni?"

"Ji shi, ya zo roƙo yana faɗa. Sai na gama tawa da ta ɗiyana. Kuma kai za ka riƙe garmar, na ga yadda kake bi da sa."

Na yi masa huɗa kwana shida, ya ba ni shanu kwana biyu. Rabin gonarmu na samu na huɗe. Sauran rabin ciyawa ta cinye. Wasu a garin ko wannan ba su samu ba, don sun ji nauyin ƙetare rafin bayan dariyar da suka yi.

Kafin kaka Alhaji ya sake tara mutane. Na je don in ji ta inda zai fita. Ya fita kuwa. Ya ce motar lafiyarta lau, laifin masu gona ne da suka bar kututture, ƙazantar noma irin ta da. Ya ce kuma duk abin da aka yi wa mugun baki tun ranar farko ba ya albarka, ya waiwayo inda nake, mutane suka waiwayo tare da shi. Ya ce maganin abin a ƙaro mota ta biyu. Mutanen da yunwa ke jira a ƙofa suka amsa masa kamar yadda suka saba. Wannan karon ban miƙe don magana ba. Na miƙe na tafi.

Da muka gama girbi, dawar ba ta kai rabin rumbu ba. Da safe muna ɗaure dammunan ƙarshe, ni ina miƙawa yayana yana jerawa a ciki, sai na ji ya yi magana daga cikin rumbun, bai leƙo ba.

"Tambayar da ka yi ranar nan, ni ma ita ce a bakina."

Na tsaya da dami a hannu. "Mi ka ce, Yaya?"

"Na san mota ɗaya ba ta yi. Tun yana magana na sani. Na san gonar masarar, ni na kai wa Fulanin gero."

"Ka sani, ka ba da shanun?"

"Mi kake so in yi? Gari duka na kallonmu. Ka zagi uban mutum. In ce kuma ba mu sayarwa, a ce gidanmu ne suka fi kowa wayo?"

"Sai ka ba shi haƙuri, ka riƙe shanunka. Haƙuri daban, shanu daban."

Ya ce, "A lokacin ban ga sun rabu ba."

Da ya ce an ruɗe shi ne, da na haƙura, don gari guda aka ruɗa. Amma ya sani. Na yi ta tunanin mutum nawa ne a ƙarƙashin cediyar nan suka sani kamar shi, kowa yana jiran wani ya fara. Na ajiye damin a ƙasa.

"Yaya, a raba gandun nan."

Ya leƙo. "Saboda shanu biyu?"

"Ba zan ƙara noma shekara guda ba, wani ya bayar da ita a taro don kada a kalle shi."

Ya kira ƙannen mahaifinmu, aka yi ta ba ni baki kwana uku. Aka ce abin kunya ne, aka ce mahaifinmu ba zai ji daɗi a kabari ba. Na ce na ji, a raba. Da suka ga ba na motsi, suka taka gonar da ƙafa suka raba ta, aka dasa gamba a iyaka. Aka raba dawar dami dami. Na ce a bar mini garmar shanu da karkiya, yayana ya ce in ɗauka, ba su da amfani a wurinsa.

Washegari na saro itace na kafa danga a tsakiyar gidan, na fasa wa kaina ƙofa ta gabas. Matata ta haɗa murhunta a wannan gefe, matarsa tana wancan, suna jin tarin juna. Yayana ya fito ya tsaya yana kallo ina ɗaure karan. Ya ce dangar ta karkace daga ƙasa. Na duba, gaskiyarsa ne. Na kwance na sake ɗaurewa, shi kuma ya koma ɗaki.